Baffa Gregory Ba Ya Magana Sai da Kiɗa

Greenbelt, Maryland

Zuwa ga Gwaggo Mairo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da mutanen Gwammaja baki ɗaya. Yaya ƙafar? Ina fatan kina shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba. Mu nan lafiya lau. Maigida Fahad yana gaishe ki. Yara ma suna gaisuwa, da Turanci kamar kullum, ni ce na mayar miki da ita Hausa.

Na san dokarki, magana mai nauyi ba a yin ta a waya, rubutawa ake yi. To ga shi na rubuta, zan ɗauki hoton takardun in turo miki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Gwaggo, ina jin na samo ƙaninki.

Kin tuna bara na tofa yawu a 'yar kwalba na aika a duba min asalina, kika ce wanda sai da yawu zai san danginsa abin tausayi ne? To sakamakon ya haɗa ni da wani mutum a Birmingham ta Ingila, sunansa Gregory Dabo. Dabo fa, Gwaggo, sunan kakana. Masu gwajin suka ce kusancinmu irin na baffa ne da 'yar ɗan'uwansa. Na rubuta masa, ya amsa a gajarce: mahaifinsa mutumin Kano ne da ya je Ingila koyon aikin waya, ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa kuma 'yar Jamaika ce. Ya ce zai zo Washington wani wasa, sai mu haɗu. Na bari sai na gan shi da idona kafin in tayar miki da hankali.

Ranar da za mu haɗu ina wurin aiki a kantin magani aka kira ni daga asibiti, wai lambata ce Gregory ya rubuta a gurbin dangi. Ya faɗi a otal, jini ya buga masa a ka, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na shiga cunkoson babban titin Beltway ina tuƙi ina tambayar kaina wa zan je dubawa. Da na shiga ɗakin sai ga dattijo dogo, gashinsa a murɗe har gadon baya, duk furfura. Amma goshin nan da kunnuwan nan na Babana ne, Allah ya jiƙansa.

Ba ya magana. Yana ji, yana ganewa, idonsa yana bin mutum, amma in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Akwai abokinsa da suka zo tare, Jerome, shi kuma maganar ce ta yi masa yawa, ga Turancin Jamaika, rabi nake kamawa rabi ya wuce ni. Abin da na tsinta shi ne a can ba Gregory ake ce masa ba, Janar Dabo ake ce masa, kuma da makirufo yake cin abinci tun yana saurayi.

Na ce masa Baffa, ya kalle ni, ya kalli Jerome, Jerome ya kalle ni. Haka muka wuni muna kallon juna. Ki gaya min abin da zan yi, don kaina ya kulle.

'Yarki,
Radiyya

*

Gwammaja, Kano

Zuwa ga Radiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, kuma maganin ina shan sa in na tuna. Ki gaishe da Fahad, ki ce wa yaran nan ranar da suka gaishe ni da bakin iyayensu zan amsa.

Takardarki ta iso. Na karanta, na ajiye, na je na yi alwala, na dawo na sake karantawa. Abin da ban gane ba ya fi wanda na gane yawa. Janar na wace runduna? In soja ne me ya haɗa shi da makirufo? In mawaƙi ne wa ya naɗa shi Janar? Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane jimla mai kai da ƙafa, ga tawa 'yar tana aiko min da tatsuniya.

Amma goshin da kika ambata ya hana ni cin abinci.

Ke ba ki san Baba ba, ni ma kusan haka ne. Ya tafi ina 'yar mitsitsiya, babanki Nasir yana goye. Wasiƙu suka riƙa zuwa, suka ragu, suka ɗauke. Sai da na yi aure na haihu wani ɗan kasuwa ya dawo da labarin wai ya ji Dabo ya mutu. Wai. Ba wanda ya san wa ya wanke shi, ba wanda ya san ko an wanke shi ma. Wasu suka ce ya auri Kirista ya bi ta coci. Wata maƙwabciyarmu, mai bakin da ba ya rufuwa, ta ce a can ƙone gawa ake yi a zuba tokar a gwangwani. Inna ta rasu ba ta sani ba, babanki ya rasu bai sani ba, saura ni. Har yau in zan yi wa Baba addu'a ina yi ne cikin tsoro, don ban san a kan me ya cika ba, ban san ina aka fuskantar da shi ba.

Saboda haka ba na neman komai a wurin mutumin nan sai amsa ɗaya: yaya aka binne Baba? In baki ya ƙi, ki ba shi biro ya rubuta. In hannu ya ƙi, ki tambayi abokin nasa mai surutu. Allah ya ba shi lafiya, ko wane ne shi.

Gwaggonki,
Mairo

*

Greenbelt

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Muna lafiya, sai gajiya. An mayar da Baffa wani gidan jinya wajen Upper Marlboro, ina tashi daga aiki can nake wucewa.

Biro ya ƙi. Hannun dama ya mutu, na hagu kuma in ya kama biro sai haruffan su watse. Jerome ma bai sani ba. Ya ce sun haɗu ne bayan rasuwar tsohon, kuma tunda suke Baffa bai taɓa ɗauko maganar mahaifinsa ba.

Batun Janar, ba soja ba ne, shi ya naɗa kansa, haka suke yi a sana'arsu. Kuma ba mawaƙi ba ne, ko da yake ni ma na ɗauka haka. Bari in gwada yi miki bayani yadda Jerome ya yi min, in na kauce laifin Turancinsa ne. A unguwar da Baffa ya tashi, 'ya'yan Jamaika ba a barin su shiga wuraren shaƙatawar Turawa, sai suka riƙa ƙera akwatunan sifika da hannunsu, manya kamar kabad ɗin kaya, su kai ɗakin taro ko ƙasan bene su yi nasu wasan. Kiɗan sunansa rege. Kowane faifai yana da baya, inda kiɗa ne zalla babu murya. Mai sa faifai, irin Jerome, sai ya juya bayan, shi kuma Baffa ya ɗauki makirufo ya yi magana a kai, yana bin bugun. Tosta ake ce wa mai wannan aiki. Ba rerawa yake ba, magana ce, kuma a take yake ƙaga ta: 'yan sanda sun tare shi a hanya, an rufe masana'anta, maƙwabci ya sayi mota ba ta tashi. Wani faifansa ya taɓa cika gidajen rediyon Ingila, har aka nuna shi a talabijin. Daga baya yara suka zo da sabon salo, aka manta da shi, ya koma tuƙin bas shekara da shekaru. Da tsufa kuma sai aka sake tuno shi, ana gayyatarsa Jamus da Japan, har ga shi Washington.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya Jerome ya gaji da shirun ɗakin ya kunna irin kiɗan nan a wayarsa. Sai na ga ƙafar Baffa ta hagu tana motsi. Can sai kansa. Gwaggo, sai bakin nan ya buɗe, magana ta ɓalle kamar an fasa tulu. Na tambayi Jerome me yake cewa, yana dariya yana share hawaye ya ce abincin gidan yake zagi, wai dankalinsu da filastar bango uwarsu ɗaya. Jerome ya kashe kiɗan, Baffa ya koma bebe. Ya kunna, magana ta dawo. Matar da ke koya wa marasa lafiya magana ta ce ba sabon abu ba ne a wurinsu, wai hanyar magana daban, hanyar kiɗa daban a ƙwaƙwalwa, ɗaya tana iya toshewa ɗaya ta rage. Ni da na karanta harhaɗa magani na tsaya ina gyaɗa kai kamar na gane.

Kenan amsarki tana nan, amma sai an kunna kiɗan rawa za ta fito. Na san ke da kiɗa, Babana ya sha ba mu labarin yadda kika ƙwace masa rediyo. Kuma ni kaina ina jin nauyin in yi tambayar kabari ana buga ganga. In yi ko in bari?

'Yarki,
Radiyya

*

Gwammaja

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, alhamdu lillahi.

To yanzu kika yi magana. Duk wannan dogon bayani naki na kabad da bayan faifai, da kin ce min maroƙi ne da kin hutar da biro. Mutum ya tsaya gaban taro, ana kiɗa, yana zuba zance a take, da shi yake ci yake sha, ai ba sai an je Ingila za a san sunansa ba. Ikon Allah, jikan malamai. Baba ya tafi neman ilimi ya haifo mana maroƙi mai kitso. Na yi dariya, na yi salati, na rasa wanne ya dace.

Ki saurare ni da kyau, don ke tashin boko ce, ba ki san mutanen nan ba. Kada ki kuskura ki kunna masa kiɗan nan

*

Greenbelt

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonki, na kuma bi. Ban kunna ba, na hana Jerome ma ya kunna in ina wurin, yanzu kallon mahaukaciya yake min. Ko sallama ba ki yi min a ƙarshen takardar ba, na san ranki ne ya ɓaci. Na kira wayarki ba ta shiga, na rubuto kin yi shiru.

Amma ki sani lokaci yana tafiya. Jerome ya gama shirin mayar da shi Birmingham ƙarshen wata, kuma likita ya ce irin ciwon nan yana iya dawowa, in ya dawo har ƙofar kiɗan za ta iya rufewa. Kullum ina zuwa in zauna gabansa, amsarki tana cikin bakinsa, ni ina riƙe da umarninki. In fushi kike da ni ki yi haƙuri, in da shi kike, bai san ma kina yi ba.

Radiyya

*

Gwammaja

Radiyya,

Inna lillahi. Wane fushi? Zariya na tafi ta'aziyya, wayar ta faɗa a bokitin wanki, sai jiya aka gyaro ta. Kuma takardata shafi biyu ce, ashe na farko kaɗai ya tafi. Ke da kika ga jimla ta tsaya babu aya ba ki yi tunanin akwai saura ba? Kaico da kuɗin makaranta.

Abin da na rubuta shi ne kada ki kunna masa kiɗan hannu rabbana. Ba a sa maroƙi aiki a wofi, in ka yi haka zambo za ka sha. Ki ɗauki babbar riga mai kyau cikin na Fahad, ai ba sa su yake ba, ki ajiye masa a gaba, sannan ki yi tambayar. Ki yi maza.

Gwaggonki

*

Greenbelt

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na yi yadda kika ce, ga abin da ya faru.

Na kai shaddar Fahad ta Sallah, mai aiki har ciki, na shimfiɗa wa Baffa a kan gwiwa, na ce daga Kano aka ce a ba shi kafin ya yi magana. Jerome ya fassara masa manufar, don ni Turancin ma ya gudu. Fuskar Baffa ta canza. Ya sa hannun hagu ya ture rigar ta faɗi ƙasa. Jerome ya ce in yi haƙuri, Janar bai taɓa karɓar kyautar wani don ya faɗi abin da mutumin ke so ba, a ƙofa ake biya a shiga, abin da aka ji kuma shi ke nan. Na tsince rigar ina jin kunya, ban san wa na kunyata ba, shi ko ke.

Duk da haka na yi tambayar, Jerome ya kunna kiɗa mai nauyi a hankali. Na ɗauki maganar a waya, muka zauna da Jerome muka warware ta jimla jimla. Amon ba zai zo miki ba, ga dai ma'anar.

Ya ce lokacin sanyi ne. Sun daɗe ba sa ga maciji da tsohon, tun ranar da tsoho ya ce ɗansa ba zai yi ihu a makirufo yana kwana a gidansa ba. Mahaifiyarsa ta riga ta rasu. Labarin rasuwar tsohon ya iske shi a makare, ko da ya je mutanen cocin mahaifiyar, don kirki, sun shirya komai: akwati, kwat da wando, har da taye a wuya. Ya tsaya yana kallon ubansa cikin taye, sai ya tuna yana yaro yakan leƙa kicin ya ga tsohon ya rufe ƙofa ya shimfiɗa tawul yana kai goshi ƙasa. Ya ce shi bai san komai na addinin ba, amma ya san wannan tayen ba daidai ba ne.

Ya sa hannu a takardu a matsayinsa na ɗa. Shi da abokinsa Martins, wanda shi ma yanzu ya riga mu gidan gaskiya, suka sauke akwatunan sifika daga motarsu suka bar su a bakin titi ana yayyafi, suka sa gawar. Suka yi ta zagaya gari har suka sami wani gida da wasu tsofaffi Yamalawa, mutanen ƙasar Yaman, suka mayar masallaci. Tsofaffin suka kalli gashinsa suka ce kai wa? Ya ce ɗa. Suka ce sunan kakanka? Ya ce bai sani ba. Suka ce shigo. Su suka wanke shi, amma suka ba Baffa butar suka ce shi zai zuba ruwan. Suka naɗe shi cikin farin yadi, suka yi sahu, shi da Martins suna baya hannuwa a sake ba su san abin yi ba. A maƙabarta ya ga ramin ya karkace, bai bi layin na can gefe ba, ya ce an yi kuskure. Wani tsoho ya nuna da sanda ya ce Makka tana can. Aka kwantar da shi a kan damansa.

Da suka koma bakin titi ruwa ya gama da akwatunan sifikar. Nan Baffa ya tsayar da maganar, ya ɗaga hannu Jerome ya kashe kiɗan.

Gwaggo, na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. An wanke shi, an yi masa salla. Ina ma ina kusa da ke.

'Yarki,
Radiyya

*

Gwammaja

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya.

Labarin ya yi daɗi. Daɗin nasa ne ma ya dame ni.

Na san za ki ce Gwaggo ba ta da godiya, amma ki bi ni a hankali. Kin shiga da riga, kin shiga da fuskar mai neman abu, ya san daga Kano aka aiko ki, ya san abin da mutumin Kano zai so ya ji. Karatun fuska shi ne rabin sana'arsu. Rigar da ya ture kuwa, na sha ganin maroƙi ya ture kyauta don ya hango wadda ta fi ta. Ranar aurena maroƙa suka cika ƙofar gidanmu suna kiran Dabo giwa, Dabo mai kyautar ingarma, alhali mutumin ko hankici bai aiko ba. Ina cikin lulluɓi ina jin su, na san ƙarya ce, kuma tana min daɗi. Tun ranar na san abin da aka faɗa a kan kiɗa ba shaida ba ne. Kiɗa na tashi matsoraci ya zama zaki.

Ga shi kuma maganar ta bi baki uku, nasa da na Jerome da naki, kowannenku yana so in ji daɗi. Buta, farin yadi, tsoho mai sanda, babu abin da aka manta. Ni ban taɓa ganin jana'izar da ta tafi daidai haka ba.

Ba zarginsa nake ba, sana'a ce, kuma mara lafiya ne. Ni dai ina nan inda nake, sai dai yanzu na fi da rikicewa, don da ban san komai ba, yanzu kuma ina da labarin da nake tsoron yarda da shi.

Tunda bakin nasa ya iya zaƙi, kafin ya tafi ki tambaye shi me Baba yake faɗi a kaina. Ko ƙarya ce ina so, na kai shekarun da za a lallashe ni.

Gwaggonki,
Mairo

*

Greenbelt

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. Sun tashi jiya, mun raka su filin jirgi, Jerome ya kira ya ce sun sauka lafiya.

Na daɗe ina juya wannan takarda. Fahad ya ce in rubuta miki cewa kullum tsohon yana ambatonki, wa zai sani, ke ma ai haka kika nema. Na fara rubuta hakan, na yaga.

Ana jibi za su tafi na tambaye shi. Na ce yayarka Mairo tana so ta san me Baba yake faɗi a kanta. Jerome ya kunna kiɗan, Baffa ya bar shi yana ta tafiya bai shiga ba, har na ɗauka ƙofar ce ta rufe. Sannan ya fara.

Ya ce bai taɓa ba. Bai taɓa jin sunanki ba, bai taɓa jin na Babana ba, babu hoto a bango, babu a akwati. Ya ce yana yaro ya tambayi tsohon wa muke da shi a Kano, tsoho ya ce Kano gari ne, ci abincinka. Da ya girma ya sake tambaya, tsoho ya tashi ya bar ɗakin. Har ya binne shi yana zaton ba su da kowa a duniya. Sai ranar da saƙona ya iske shi ya san yana da 'yan'uwa, kuma ɗaya ya riga ya rasu.

Na ce wa Jerome ko mun ji ba daidai ba, muka sake saurara, haka ne. Na durƙusa gaban kekensa na marasa lafiya na ce Baffa ka tuna da kyau, ko sau ɗaya, ko cikin ciwo, tsohuwa ce, kalma ɗaya ta ishe ta. Na nuna masa hotonki. Ya daɗe yana kallo. Kiɗan yana tafiya, sai ya ce, cikin faɗa, shi ba ya sa wa magana sukari, bai yi wa 'yan sanda ba, bai yi wa masu gidan rediyo ba, ba kuma zai fara a kan yayarsa ba. In ya ce an ambace ki ya cuce ki. Hawaye yana zuba ta ɓarin da ya shanye, ya ƙi bari in goge.

Ban sani ba ko daidai na yi da na rubuto miki. In na yi kuskure ki yafe min. Ki kira ni, ko sau ɗaya ki karya dokar.

'Yarki,
Radiyya

*

Gwammaja

'Yata Radiyya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, kada ki tayar da hankalinki. Ban kira ba don muryar ba ta nan.

Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Tsohuwa da jikoki, na zauna a tsakar gida ina jin haushin ubana kamar yarinyar da aka hana alewa. Kano gari ne. Ni da na tashi ina leƙen mai kawo wasiƙa. Ya yi min ciwo, Radiyya, ba zan ɓoye miki ba, kuma har yanzu yana yi.

Da kukan ya lafa sai na zauna na yi tunani. Kin durƙusa wa baffan naki, kin nuna masa hotona, kin sa masa amsar a baki, abin da ya rage kawai ya ce e. Babu maroƙin da aka taɓa haifa da zai bar wannan dama ta wuce. Mutumin da ya iya duban hoton tsohuwa ya hana ta ƙarya ɗaya mai araha, ba shi zai zauna ya ƙaga min buta da farin yadi ba. Na yi masa mummunar fahimta, ban san sunan sana'ar tasa ba har yanzu, amma ba wadda na ce ba ce.

Kenan an wanke Baba, an yi masa salla, yana kwance a kan damansa. Yau bayan la'asar na yi masa addu'a ina fushi da shi, amma ba tsoro a ciki. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya yi mana mu uku.

Ki mayar wa Fahad rigarsa. Ki turo min adireshin Birmingham, zan rubuta da kaina, Turancina na makaranta bai mutu ba. Kafin takardar ta isa, ki ce wa Jerome ya zaunar da shi ya gaya masa a hankali: yana da yaya a Gwammaja, sunanta Mairo, kakansa kuma da tsofaffin nan suka tambaye shi sunansa Malam Idrisu. Tunda Baba bai gaya masa ba, ni na gaya masa.

Gwaggonki,
Mairo